Daga 20 Zuwa 85: Lissafin Danshin Iskar Abuja da Busasshiyar Taba

Masu cinikin naɗaɗɗiyar taba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu da ganye zalla babu takarda, suna da lambobi biyu da suke biya wa kowane sabon mai saye: 70 da 70. Wato a ajiye ta inda danshin iska yake kashi 70 cikin 100, zafi kuma digiri 70 a ma'aunin Amurkawa, wanda ya zo daidai da digiri 21 a ma'aunin Salshiyas da muke aiki da shi a nan. Kamfanin Habanos na ƙasar Kuba, wanda tun 1994 cinikin tabar Habana a kasuwannin duniya yake hannunsa, ya fi haka tsanantawa. Shi digiri 16 zuwa 18 ya ce, danshi kuwa kashi 65 zuwa 70.

A Abuja babu wata ɗaya cikin goma sha biyu da iska ke haɗa waɗannan lambobi biyu da kanta. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce ke mulki, tana tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A wannan lokaci danshi kan sauka ƙasa da kashi 30, da tsakar rana ma yakan yi ƙasa da 20. Maris ya zo da zafin da ke kai digiri 37 ko fiye. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska ta juya, ta taso daga teku, kuma a watan Agusta danshi ya haura kashi 80, da asuba har ya wuce 90. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, mai hedikwata a Abuja, tana bin wannan juyi kowace shekara saboda manoma da matuƙan jirage. Amma juyin bai tsaya a gona da filin jirgi ba. Yana shiga ɗakunan Maitama da Asokoro kamar yadda yake shiga rumfunan kasuwar Wuse, kuma duk wani ganye, katako ko takarda da ke cikin gari yana shan ruwa yana amayarwa bisa umarninsa.

Kafin a ci gaba sai an fahimci abin da wannan kashi ke faɗa, don a nan mafi yawan mutane ke ɓata lissafi. Iska tana da iyakar tururin ruwan da za ta iya riƙewa, kuma iyakar tana tashi da zafi. A ɗauki kubik mita ɗaya na iska, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. A digiri 4, sanyin cikin firiji, giram 6.4 kawai take ɗauka. A digiri 21 tana ɗaukar giram 18.3. A digiri 26, giram 24.4. A digiri 30, giram 30.4. A digiri 33 kuwa kusan giram 35.6. Idan ma'auni ya nuna 70, yana cewa ne iskar ta cika kashi 70 na iyakarta a wannan zafin da take ciki. Saboda haka 70 a digiri 21 giram 12.8 ne na ruwa, alhali 70 a digiri 30 giram 21.3 ne. Lamba ɗaya, ruwa daban.

Yanzu a gwada da ranar hunturu a Abuja. A ce waje digiri 33 ne, danshi kashi 15. Ruwan da ke cikin kubik mita ɗaya giram 5.3 ke nan. Mai gida ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ya sauko da zafi zuwa 21, yana ganin ya cika sharaɗi. Giram 5.3 a cikin iskar da iyakarta 18.3 ce ya ba da kashi 29. Ya samu rabin ƙa'ida, ɗaya rabin kuwa yana nesa da shi da maki 41. A Agusta labarin ya kife. Waje digiri 26, danshi kashi 85, wato giram 20.7. Ka shigo da wannan iska cikin wuri mai digiri 21, iyakarta ta koma 18.3, ragowar ba ta da wurin zama sai ta sauka ta zama raɓa a jikin duk abin da ya fi ta sanyi. Shi ya sa akwatin adana taba da aka fito da shi daga ɗaki mai sanyi aka buɗe a baranda da damina yake yin gumi nan take. Akwati ɗaya, ɗaki ɗaya, amma a Janairu ruwa yake nema, a Agusta neman rabuwa da ruwa yake yi. Duk na'urar da ba ta san komai ba sai ƙara danshi, irin soson nan da ake jiƙawa a maƙala a murfi, aikin rabin shekara kawai za ta yi a wannan gari, sauran rabin kuma ɓarna.

Lissafin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne na cikin akwatin kansa, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa farfaɗo da busasshiyar taba ke gagarar masu gaggawa. Matsakaicin kara, wanda ake kira Robusto, tsawonsa milimita 124, kaurinsa kusan milimita 20, nauyinsa kuwa kimanin giram 12. Idan an adana shi daidai, kashi 12 zuwa 14 na wannan nauyi ruwa ne. Mu ɗauki 13. Kwalin kara 25 zai yi giram 300, kuma giram 39 daga ciki ruwa ne. A ce an manta da kwalin a kan kanta har hunturu ya sauko da ruwansa zuwa kashi 7. Abin da ya tsere kimanin giram 19 ne, cokalin shayi huɗu. Ba shi da yawa a ido. Amma iskar da ke cikin akwati mai cin lita 10, a digiri 21 da danshi 70, ruwan da ke cikinta gaba ɗaya giram 0.13 ne. Wato kafin ganyen ya dawo da abin da ya rasa, sai ya tsotse ruwan iskar akwatin kaf, an sake cika ta, ya sake tsotsewa, kusan sau 150.

Ma'auni iska yake karantawa, ba ganye ba. Iskar ƙaramin akwati tana iya kaiwa 70 cikin sa'a ɗaya ko biyu, mutum ya duba ya ce alhamdulillahi an gama, alhali tsakiyar karan tana nan ƙamas. Wani kuma ya ga ma'aunin ya ƙi tashi daga 58 kwana da kwanaki, ransa ya ɓaci, ya ƙara zuba ruwa. Shi ma bai karanta lambar daidai ba. Ƙin tashin alama ce ta cewa ganyen yana sha, aikin yana tafiya.

Gaggawa tana da farashi saboda yadda aka gina karan. Hawa uku ne: ganyen ciki, ganyen da ya ɗaure shi, sai siririyar rigar waje wadda ita ce mafi tsada kuma mafi rauni. Idan aka jefa busasshen kara cikin danshi mai yawa lokaci ɗaya, sassan ba sa kumbura tare. Ganyen ciki ya sha ruwa ta buɗaɗɗen bakin ƙasa ya buɗe, rigar da ba ta gama laushi ba ta tsage. Tsagar ba ta ɗinkuwa. Saboda haka ake hawa mataki-mataki. Kamfanin Boveda na Amurka yana yin ƙananan jakunkuna masu ɗauke da ruwan gishiri na musamman, waɗanda ke ba da danshi idan iska ta bushe, su kuma tsotse idan ya yi yawa, kowace da lambar da take tsayawa a kai: 62, 65, 69, 72, 75 da 84. Hanyar da aka saba bi ita ce a fara da ta 62 a cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar shi mako ɗaya ko biyu, a koma 65, sannan 69, ana juya karan lokaci-lokaci don kowane gefe ya samu. Wata guda ba abin mamaki ba ne, wanda ya daɗe a bushe kuma yakan ci wata biyu ko uku. Ruwa dai yana dawowa. Man ganyen da ke ɗauke da ƙamshi, wanda ya tashi tare da zafi, ba ya dawowa, kuma babu jakar da za ta mayar da shi. Wanda ke sayar da tabar da aka farfaɗo a farashin wadda ba ta taɓa bushewa ba ya ci haƙƙin mai saye, ko da hannu bai iya bambance su ba.

Sai katako. Akwatunan adana taba ana shimfiɗa musu wani katako mai ƙamshi daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, Cedrela odorata, wanda a ilimin tsirrai dangi ɗaya ne da maɗaci da darbejiya da muke da su a ƙofar gida. Shi ma katako yana shan ruwa. Alƙaluman masana katako sun nuna cewa a digiri 21, idan danshin iska kashi 20 ne katako kan tsaya da ruwa kashi 4.5 na busasshen nauyinsa, a danshi 70 ya kai 13.1, a danshi 85 ya kusa 18. Duk mazaunin Abuja ya ga wannan a ƙofar ɗakinsa, wadda ke cijewa da damina ta saki da rani. Idan shimfiɗar cikin akwati ta kai rabin kilo kuma ta sha hunturu, tana buƙatar kimanin giram 43 na ruwa kafin ta ƙoshi. Wannan ya ninka abin da kara 25 ke nema fiye da sau biyu. Zuba busasshiyar taba a busasshen akwati haɗa masu ƙishi biyu ne a kan ruwa kaɗan, kuma katakon ne zai yi rinjaye. Don haka ake fara jiƙa sabon akwati shi kaɗai da jakar 84 na tsawon kwana 14 kafin a sa komai.

Hukuncina a nan ba zai yi wa masu kantunan alfarma daɗi ba. A garin da danshi ke tafiya daga 20 zuwa 85 ya dawo duk shekara, robar abinci mai murfin da ke da zoben roba ta fi akwatin katako mai tsada riƙe danshi. Katakon yana takurewa da hunturu, bakin murfi ya saki, ruwa ya riƙa zurarewa. Roba ba ta san Janairu ba, ba ta san Agusta ba. Wanda ke son ƙamshin katakon sai ya sa 'yan siraran ɓallinsa a ciki. In kuma da soso ake aiki, to ruwan da aka tace ta hanyar tururi ake sawa, irin na kantin magani, domin ruwan famfo da na burtsatse suna barin gishirin ƙasa su toshe soson.

Duk wannan lissafi yana kan wuyan ma'aunin danshi, kuma masu araha, musamman masu allura, suna iya kaucewa da maki biyar ko fiye. Gwajinsa ba ya cin ko naira ɗari. A cika murfin kwalba da gishirin miya, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙa amma bai narke ba, a sa shi da ma'aunin cikin mazubin da iska ba ta shiga, a bar su yini da kwana. Dole iskar ciki ta tsaya a kashi 75. Wani masani a hukumar ma'aunai ta Amurka, Lewis Greenspan, ya wallafa alƙaluman a 1977: 75.5 a digiri 20, 75.3 a digiri 25, 75.1 a digiri 30. Ka ga zafin Abuja bai taɓa gwajin ba. Idan ma'aunin ya nuna 69, to kullum yana rage shida, kuma duk ranar da ya ce 70 gaskiyar lamarin 76 ce, inda fumfuna ke fara samun wurin zama.

Zafi matsala ce ta daban, kuma ita ce mai cin kuɗi. Akwai ɗan ƙwaron taba, Lasioderma serricorne, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, wanda ke cin busasshen barkono da citta ma. Macensa tana iya yin ƙwai har kusan 100. A ƙasa da digiri 17 ba ya iya girma, wanda shi ne hikimar lambar 16 zuwa 18 ta mutanen Kuba. Da zarar an haura 22 ko 23 tare da danshi sama da 70, ƙwan da ya kwanta a ganye yana iya ƙyanƙyashewa, tsutsar ta huda kara ta fito. Ɗakin Abuja da ba a sanyaya ba ya fi wannan zafi kusan duk shekara. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin yunit ɗaya ga masu amfani da wuta 'yan rukunin A zuwa naira 225. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana jan kimanin wat 800. A ce rabin lokaci take aiki, dare da rana: yunit 288 a wata, naira 64,800 a wancan farashi, don kawai akwati ya zauna cikin sanyi. Kuma alƙawarin rukunin A sa'a 20 ne a rana, ba 24 ba. A sa'o'in da babu wuta ɗaki ya ɗumama. Iskar akwatin da ke 70 a digiri 21, in ta kai digiri 30 ba tare da ƙarin ruwa ba, ta faɗi zuwa 42, sai ta ja ruwa daga ganye ta cike gurbi. Wuta ta dawo, sanyi ya sauka, ruwan ya koma kan rigar waje da bangon akwati. Wannan hawa da sauka ya fi tsayayyen digiri 25 illa. Ga mafi yawan mutane, abin da ya fi hankali shi ne a nemi lungu mafi sanyi a gida, nesa da taga da bangon da rana ke duka, a tsaya a 65 maimakon 70, sabuwar taba kuma a rufe ta ruf a leda ta kwana ɗaya a firiji, kwana uku ko huɗu a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, ta sake kwana a firiji, don a kashe ƙwai. Firiji dai wurin wucewa ne. Iskar da iyakarta giram 6.4 ce busar da kaya take yi idan aka daɗe.

Ba Kuba ce ta fara koya mana wannan ilimi ba. Fataken goro da suka riƙa tafiyar watanni tsakanin Kano da Gwanja sun yi fama da matsala iri ɗaya, da kayan da ya fi taba saurin fushi. Goro in ya bushe ya yanƙwane ya zubar da daraja, in ya jiƙe ya ruɓe, in an yi sakaci sankara ta shige shi. Maganinsu huhu ne da ganyen fita: a lulluɓe, a yayyafa wa lulluɓin ruwa ba a tsoma goron ba, a buɗe lokaci-lokaci a tsince wanda ya lalace a sake ganye. Har yau haka 'yan goro ke yi a kasuwar Mariri ta Kano, kuma da wannan haƙuri ne goron bana ke kaiwa ya zama daushe. Ba su da ma'auni mai lamba, amma ƙa'idar ita ce dai: ruwa ya isa ga kaya ta hanyar iska, kaɗan-kaɗan, a cikin rufi.

Lambobin nan kuma sun fi taba muhimmanci a wani wuri. Masarar da ruwanta yake kashi 13 zuwa 14 ita ce ke zama lafiya a rumbu, kuma wannan ya yi daidai da danshin iska na kusan 65 zuwa 70. Sama da haka fumfuna ke kamawa, har da mai haifar da gubar aflatoksin da ke lalata hanta. Gishirin da ya gwada ma'auni yana gwada hatsi: a zuba busasshen gishiri da hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a jira. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Manomin Kuje ko Kwali da ke girbi kafin ruwa ya ɗauke ya fi mai akwatin taba buƙatar wannan sani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma alƙaluman da adana taba ba ya sauyawa. Karan sigari na yau da kullum ganyen da ke cikinsa bai wuce giram ɗaya ba. Wannan kara mai giram 12 ya fi rabin kwalin sigari ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 na manya suna amfani da taba ta wata hanya, kashi 3.9 kuma suna busa ta. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana busawa a rufaffun wuraren taruwar jama'a, kuma ba ta ware mai tsada daga mai araha ba. Danshi 65 yana kare ganye daga tsagewa. Ba ya rage komai daga abin da hayaƙin ke yi wa baki da maƙogwaro da huhu, kuma ina faɗar wannan da nauyin da na faɗi sauran.

Ruwan Abuja yana ɗaukewa ne a wajejen ƙarshen Oktoba, kuma cikin makonni kaɗan iska ke sauka daga jiƙa zuwa bushewa. Duk mai ajiyar da danshi ke iya ɓatawa, taba ce ko goro ko irin shuka ko littattafai, ya gwada ma'auninsa da gishiri kafin Nuwamba ta yi nisa, ya duba bakin murfinsa, ya sake gwadawa a Afrilu idan hadari ya fara haɗuwa.